Kwana Arba'in a Rigingine

Mutumin da ya fara yi mana sallama da Hausa a ƙasar Indiya shi ne ya fara cutar mu. Sabo sunansa. Ya ce asalinsa ɗan Hotoro ne, ya daɗe a can yana yi wa masu zuwa neman magani tafinta da neman masauki. Ina zaune a keken marasa lafiya a filin jirgin Delhi, ƙuguna na dama yana ta zugi, sai na ji an ce, "Hajiya, barka da hanya. Ya mutanen Gyadi-Gyadi?" Sai da na yi ƙwalla don daɗi. Maigidana Malam Idi, wanda ya shekara talatin da biyar yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Legas, ya kalle shi sama da ƙasa, ya sunkuyo ya raɗa mini cewa bakin mutumin nan ya cika zaƙi. Na ce masa ya daina zargin Musulmi daga gani.

Ni Ladi, sana'ata tuyar kayan gara, su alkaki da dubulan da cincin. Santsi ne ya kwashe ni a tsakar gida wata damina, tun daga nan ƙugun ya dinga lalacewa a hankali, har likitoci suka ce sai an cire kan ƙashin an sa na ƙarfe. 'Ya'yana maza suka haɗa kai suka ce Indiya za ni. Abu ɗaya ya so hana ni. Autata Rukayya tana da cikin fari wata bakwai, mijinta ya riga ya kawo ta daga Tarauni goyon ciki. Yayyenta duk a gabana suka haihu, ita kuwa ga tsoro kamar farar kura. Kafin in bar ta a hannun ƙanwata Hadiza sai da na dafa kanta na ce, "In Allah ya yarda ba za ki haihu ba sai ina tsaye a kanki." Da wannan alkawarin na taho, kuma kullum da shi nake ƙirga kwanaki.

Garin bai ba ni tsoro ba. A-daidaita-sahu ko'ina, hon ko'ina, kowa yana kutsawa ta inda ya ga rami, kai ka ce shataletalen Dangi ne da yamma. Sai dai shanu da ke kwance a tsakiyar titi abinsu, babu mai ce musu kanzil. Na yi ta leƙe ta tagar mota ko zan ga inda ake rawa da waƙa kamar yadda muka saba gani a talabijin. Har na baro ƙasar ban ga ko mutum ɗaya yana zagaye bishiya ba.

Sabo ya yi mana alkawarin ɗaki a ƙasa. Da muka isa sai ga shi a hawa na uku, a wani tsohon bene da ba shi da na'urar hawa. Ƙarti biyu ne suka ɗauke ni a kujera kamar amaryar ƙauye. Gadon ɗakin kuwa da kaɗan ya fi tabarma tudu, banɗakin na tsuguno.

"Na kwana biyu ne, Hajiya," in ji Sabo. "Kafin a sallamo ki daga asibiti an gyara miki na ƙasa. Ni da ke ai ba ta ɓaci."

Ya raka mu asibiti, ya karɓi haƙƙinsa tun kafin a shiga da ni, ya ce zai je ya dawo. Har yau ɗin nan da nake rubutu bai dawo ba. Malam bai taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba, amma duk sanda aka ambaci Sabo sai ya gyara zaman hularsa yana kallon sama, wannan kuwa ya fi maganar ciwo.

Aiki dai ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likitan wani dogo ne siriri mai naɗin rawani, Malam ya laƙaba masa Hakimi. Tunda ba tafinta, Malam ne ya zama tafinta da Turancinsa na tashar Legas. Washegarin aikin Hakimi ya tsaya a kaina ya yi dogon bayani yana nuni da hannu, Malam yana ta gyaɗa kai.

"Me ya ce?"

"Ya ce kin zama mota mai sabuwar ƙafa. Ba gudu, ba lodi, ba shiga gargada."

"Malam, don Allah faɗa mini abin da ya ce."

Sai ya jero mini. Ba tsuguno, ba zama a gajeriyar kujera, ba sunkuyo. Kada in kuskura in harɗe ƙafafu. Salla a zaune kan doguwar kujera. Kwanciya kuma a rigingine kawai, da filo tsakanin ƙafafu, har kwana arba'in. Idan na juya ba daidai ba sabon ƙashin zai iya gocewa daga gurbinsa. Idan kuwa ya goce, sai an mayar da shi an sake ƙirga daga ɗaya, kuma ba zai sa hannu a takardar hawa jirgi ba sai ya tabbatar ya zauna.

Na yi lissafi a zuciyata. Kwana arba'in zai kai ni gida da ragowar sati biyu kafin watan haihuwar Auta ya tsaya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe ban san kaina ba.

Shekarata hamsin da shida, ban taɓa barci ba sai a ɓarin dama, hannu a ƙarƙashin kunci, kamar yadda Inna ta koya mana tun muna shimfiɗa ɗaya da 'yan'uwana. In ta tarar da yaro a rigingine sai ta ɗaka masa duka a cinya ta ce dannau zai hau shi. Ga shi ɓarin daman nan ne aka tsaga aka ɗinke. A asibiti ban gane ba, don allura ce take kwantar da ni.

Ranar da aka sallame mu muka tsaya a gindin benen nan, ni da ƙarfen dogarawata mai ƙafa huɗu, Malam da jakunkuna. Na ɗaga kai na kalli matakala, na ce masa a nan zan kwana. Muna cikin haka mai gidan ta fito, wata tsohuwa 'yar firit mai farin mayafi, mu dai Mama muke ce mata. Ta kalli ƙafata, ta kalli benen, ta yi wata magana mai tsawo da yarensu wadda na tabbata zagin Sabo ce, don na ji sunansa sau uku a ciki. Sai ta kama gefen mayafina ta ja ni ɗakinta na ƙasa. Gado ne na katako mai tudu, daidai yadda likita yake so, ga banɗaki na zama. Ta kwashe kayanta ta koma falo. A kusurwar ɗakin akwai abubuwan bautarta da 'yar fitila. Da ta ga Malam yana jujjuya darduma yana neman inda zai shimfiɗa, ba wanda ya ce mata komai, ta zo ta tattara su a faranti ta fita da su. Ba ma jin yaren juna, amma na daɗe ban ga mutum mai gane mutane irinta ba.

Gado ya samu, barci ya ce bai san zance ba. In na kwanta a rigingine sai in ji kamar an shimfiɗe ni za a yi mini wanka na ƙarshe. Bayana ya ƙage, dugadugaina su yi zafi, idona a kan fankar sama. Da barci ya fara fizgata sai jikina ya nufi dama da kansa, ciwon ya farkar da ni. Kwana goma ina haka. Na zama masifaffiya, na sani. Ina kewar gida har cikin ƙashina. Ina so in ji mai waina tana kankare tanda da sassafe, in ji yaran Islamiyya suna wucewa ta bayan katangarmu. Malam, mutumin da tunda aka ɗaura mana aure bai taɓa sanin inda ake ajiye ludayi ba, ya ɗauko kuka da daddawar da muka taho da su ya ce zai yi mini miya. Abin da ya kawo, da za a zuba shi a ramin titi da mota ta wuce lafiya. Na ci ina kuka ina yi masa faɗa, shi kuma yana cewa gobe zai rage kukar.

Ran kwana na goma sha ɗaya Juma'a ce. Malam ya tafi masallaci. Na kwanta ina kallon fanka, sai zuciya ta ce mini, Ladi, jikinki ne fa, minti biyar kawai, wa zai sani? Na sa hannu na zare filon da ke tsakanin ƙafafuna na jefar. Na yi bisimilla na mirgina dama.

Ɗinkin yana taɓa katifa na ji kamar an watsa mini tafasasshen mai. Na zabura zan koma, ƙafafun suka harɗe, na ji wani abu ya ce ƙas a cikin ƙugun. Daga nan ban ƙara iya motsi ba. Ba zafin ne ya fi damuna ba. Fuskar Auta ce ta tsaya mini a ido, ina ta faɗi a raina, shi ke nan, na sayar da alkawari a kan barcin minti biyar. Salatina ne ya jawo Mama. Ta riƙe hannuna, ta hana ni ko da ɗaga kai har Malam ya dawo.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Muka jira wajen awa guda, Malam yana jan carbi, bai kalle ni ba. Hakimi ya fito da hoton ya ɗaga shi a haske. Ƙashi yana nan a gurbinsa, nama ne ya jawu. Sai ya juyo kaina ya yi magana a hankali, fuskarsa ba wasa. Wannan karon Malam bai sa mota a ciki ba.

"Ya ce Allah ne ya rufa asiri. Ya ce in kika ƙara, ki manta da gida sai bayan wata biyu."

Muka kama hanyar komawa. Na fi son Malam ya yi mini faɗa, amma titi kawai yake kallo. Sai da ya kwantar da ni ya tsaya a ƙarshen gado, hannu a ƙugu, yana duba ni kamar yadda na sha ganinsa yana duba lodi kafin ya tashi mota.

"Ladi, ni ban san aikin likita ba," ya ce. "Amma na yi karen mota shekara bakwai kafin a ba ni sitiyari. Motar da aka tsayar a gangare ba a roƙonta ta tsaya. Weji ake sa mata."

Weji shi ne guntun katakon da suke cusawa a gindin taya don kada mota ta gangara. Na ce masa ni ba tirela ba ce. Ya ce tirela ta fi ni jin magana.

Ya fita ya yi wa Mama bayani da hannu, sai ga su da dogayen matasan kujerunta guda biyu, masu tauri kamar taɓarya. Ya ɗauke filo biyun da nake tarawa a kai ya bar mini ɗaya marar tudu. Ya jera filo tsakanin ƙafafuna tun daga cinya har idon sawu, ya ce kuskurenmu na da guntu muke sawa a gwiwa kawai, shi ya sa yake zamewa. Dogon matashi ɗaya ya bi gefen ƙafar dama da shi don kada ta kife waje, ɗayan ya tokare haƙarƙarina na hagu. Ya ninke tawul ya cusa a ramin bayana, inda yake ƙagewa. Ya naɗe rawaninsa ya sa a ƙasan ƙwaurina, dugadugai suka daina gugar katifa. Da ya ga matashin dama yana motsi sai ya ɗauko ƙullin garin tuwonmu ya danne shi. Yana yi yana tambaya, "Nan fa? Akwai rawa?"

"Babu. Amma Malam, ni ba zan iya barci ban fuskanci dama ba."

Ya sosa gemu. Sai ya kira jikokin Mama biyu, ƙarti, suka juya gadon da ni a kai har alƙibla ta koma damana. A can yamma ake kallo in za a yi salla, abin da na daɗe ban saba da shi ba. Ya ninke 'yar shararsa ya sa a gefen kuncina na dama, ya kamo hannuna ya tura a ƙarƙashi.

"Juya fuskarki kawai. Ita dai ai ba a yi mata aiki ba."

Na juya. Kuncina ya sauka a tafin hannuna, inda ya saba sauka shekara hamsin da shida.

"To dannau fa?" na ce, ina jin kunyar tambayar.

Ya jawo kujera ya zauna a bakin gado. "In ya zo ya tarar da ni. Wanda ya kwana a dajin Birnin Gwari da mota a lalace ba ya tsoron dannau."

Ban san sanda na tafi ba. La'asar aka yi wannan aiki, ban farka ba sai da aka idar da isha'i, na tashi da bashin salloli da yunwa kamar ta mai jego. Malam yana nan a kujerar, kansa ya langaɓe, hannunsa ɗaya a kan matashin dama.

Daga ranar kwanciyata ta zama aiki mai tsari. Malam ba ya yarda kowa ya sa mini weji sai shi. Mama takan tsaya a ƙofa tana kallo tana dariya, har ta koyi kalmar, in ta leƙo da safe da shayinta mai citta sai ta ce, "Weji?" in ce, "Weji lafiya lau." Na fara takawa daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin titi. A sati na biyar Hakimi ya ce zan iya kwanciya a ɓarin hagu, mai lafiyar, in dai akwai filo biyu tsakanin gwiwoyi kuma a juya ni gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare. Muka gwada sau biyu. Na ce a mayar da ni rigingine, na saba. Malam ya ce a rubuta wannan rana.

Ran kwana na talatin da shida da hantsi, ina cin burodi, wayar Malam ta yi ƙara. Hadiza ce. Na ga ya miƙe tsaye yana "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi," nan take na gane. Auta ta sauka tun da asuba, namiji, sati biyu da 'yan kwanaki kafin lokacin da muke zato. Ita lafiya, yaro lafiya.

Na yi hamdala, sannan na fashe da kuka. Duk wahalar nan, duk wejin nan, ga shi yarinyata ta yi naƙuda tana kiran Umma ba Umma. Na ce wa Malam ya ɗauko jaka, filin jirgi za mu yanzu, takardar Hakimi ta sha ruwa. Bai yi gardama ba, ya dai sake buga waya ya kara mini a kunne. Muryar Auta ta fito a dashe.

"Umma, kuka kike yi?"

"Na saɓa miki, Auta."

"Ba ki saɓa ba, shi ne ya yi gaggawa, halin Baba ya ɗauko. Umma, don Allah ki kwanta yadda aka ce. Kwana huɗu ne. Ni so nake ki shigo mana suna da ƙafarki."

Kwana huɗun nan ko gawa ba ta fi ni bin doka ba. Ran na arba'in Hakimi ya sake ɗaukar hoto, ya sa na taka zuwa bango na dawo, ya zaro alƙalami ya sa hannu. Ya ce a jirgi in zauna a bakin hanya, in riƙa tashi ina takawa, kuma in ci gaba da sa filo in zan kwanta. Da za mu tafi Mama ta rungume ni tana magana da yarensu, ina amsa mata da Hausa, kowa yana hawaye. Na bar mata ragowar daddawa, ban sani ba ko ta ci ko ta binne.

Ana gobe suna muka sauka a Kano. Na shiga gidana da ƙafata, da sanda ɗaya. Tsakar gida cike da mata, ga tukunyar ruwan wanka a kan murhu, ga ƙamshin kunun kanwa. Aka yi ta guɗa. Amma murnata ba ta daɗe ba. Ba ni da ikon tsugunawa in yi wa Auta wanka, ba na iya sunkuyawa in ɗauki jariri daga shimfiɗa, in na tsaya kuma hannu ɗaya yana kan sanda. Duk abin da na yi wa yayyenta, Hadiza ce take yi mata, ni ina tsaye kamar baƙuwa. Yaron kuma tunda na shigo yake tsala kuka, an ce kwana uku ke nan ba ya barci ba ya barin kowa ya yi.

Gajiyar jirgi ta taso mini, na ce bari in ɗan miƙe. Sai ga Malam ya yi sallama ya ratso tsakiyar mata da filo a hammata. Mutumin da ko ranar sunan 'ya'yansa ba ya wuce zaure. Ya shiga ɗaki ya jera mini wejina ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko akwai rawa, mata sun cika ƙofa suna toshe baki da mayafi. Ko a jikinsa.

Ina kwance a rigingine Auta ta shigo da yaron, idonta ya yi zuru-zuru don rashin barci. Ta tsaya tana jijjiga shi, ta kalle ni, sai kawai ta sunkuyo ta kifa shi a ƙirjina. Na dafa bayansa da hannu biyu. Ya yi kukan sau biyu, ya goga hancinsa a wuyana, ya ja ajiyar zuciya, ya yi lamo.

"Ikon Allah," in ji Malam daga bakin ƙofa. "Kwana arba'in ina gadin mota, wani ya zo rana ɗaya ya yi lodi."

"Sabon ango ne," na ce. "Ja mana ƙofa."

Auta ta zagaya ta kwanta a gefena, ta ɗora kanta a kan matashin da ya tokare ni, kafin in gama yi wa yaron addu'a ita ma barci ya kwashe ta. Bayana ya fara ƙagewa, ƙafata tana son a gyara ta. Ban motsa ba har aka kira la'asar, kuma wannan karon ba likita ne ya hana ni ba.